Baƙin Wuyan Suleiman

Umarari, Maiduguri
Watan Rajab

Zuwa ga taubashiyata Zaratu, likitar da ba ta gama karatu ba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da alluran da kike koyon soka wa bayin Allah a Kano. Mu nan lafiya, irin lafiyar da ake samu a Yerwa, wato Maidugurinmu, a wannan zamani. Goggo Maimunat, wato uwarki, tana gaishe ki. Yayanki Suleiman ma ya ce a gaishe ki, ko da yake bakinsa cike yake lokacin da ya faɗa.

Kin dai ji an kashe mana layin waya a garin nan gaba ɗaya. Wayata ta koma tocila. Shi ya sa kika ga takarda, a hannun Manasse direban da ke ɗaukar mana shanu. Kada ki yi dariyar rubutuna. Malaminmu na allo bai koya mini boko ba, a saƙon waya na tsince shi.

To, ga labari, ki gyara zama.

Tun da kasuwar shanu ta mutu, yayanki ya zama tulu. Daga sallar asuba yana kan tabarma a zauren gidanku na Ajilari, butar shayi a gabansa, sukari kuwa har cokali ya tsaya da ƙafarsa a cikin kofi. Ga burodi, ga lemon kwalba. Rannan ya sunkuya zai yi alwala, sai na ga bayan wuyansa. Zaratu, gindin tukunya! Baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri, in ka shafa kuma laushi kamar karammiski. Hammatarsa ma haka. Har da wasu ’yan tsiro-tsiro a gefe, kamar kaska a wuyan bajimi. Na ce masa sabulu bai yi tsadar haka ba. Ya jefe ni da murfin buta.

Da aka kawo abincin rana, sai na ɗaure fuska na ce, “Goggo, kin ji sabon binciken da yaran nan masu gora suke yi a shingen bakin titi?” Ta ce wanne kuma? Na ce, “Wuyan riga ake buɗewa yanzu. Duk wanda aka ga wuyansa ya yi baƙi, an ce shatin igiyar bindiga ne, ya daɗe yana rataye da ita a daji.” Ludayi ya faɗi daga hannun Goggo. Suleiman ya ƙware da tuwo. Na ƙara da cewa a gabana aka ja wani mutum gefe a hanyar kasuwa. Ki shaida, ban rantse ba. Ni ɗan makaranta ne, na san inda zunubi yake farawa.

Da kin ga yadda ƙaton nan ya ja wuyan rigarsa sama har kunne, da kin yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Ki aiko da amsa ta hannun Manasse. Ki kuma tuna ni ɗan namiji ne, ke ’yar mace, saboda haka ki rubuta da ladabi.

Ubangidanki,
Walid

*

Umarari
Watan Sha’aban

Zaratu,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai zafi da dokar hana fita.

Wannan wane irin wulaƙanci ne? Manasse ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, babu ko ƙyallen takarda. Ya ce ya bar wasiƙata a wurin mai gadin makarantarku. Na ɓata tawada, na ɓata yatsuna, ke kuma kin yi shiru kamar an aike ki lahira. Ko don rubutuna bai yi kama da na likitoci ba?

Duk da haka ba zan hana ki ragowar labarin ba, don ya fi ƙarfin cikina.

Goggo ta ɗauki maganata da gaske. Ta ɗauke Suleiman daga zaure ta mai da shi ɗakin ƙurya, ta ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka ƙofar gida ba sai wuyan ya washe. Ko masallaci ba ya zuwa. Don kada ransa ya ɓaci kuma, sai ta buɗe masa tukunya: sinasir da safe, fura da nono da sukari da hantsi, shinkafa da rana, nakiya a tsakani. Wandonsa na sallar bara ya ƙi shi.

Sannan ta kira Ya Kaltum mai dilka. E, ita dai, mai gyaran amaren Ajilari. Na shiga na tarar da yayanki, mai gemu, zaune a kan kujerar tsuguno, an tuɓe masa riga, tsohuwa tana murza masa dilka a wuya tana cewa, “Yi haƙuri ɗana, amare ma haka suke kuka.” Aka gama aka turara shi da turaren wuta. Na yi masa guɗa. Goggo ta kore ni da muciya.

Wuyan kuwa ko gezau. Ya Kaltum ta ce ta fitar da dauɗar shekara ashirin daga jikin mata, ba ta taɓa ganin mai taurin kai irin wannan ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Jumma’ar da ta wuce, a masallacin unguwarmu, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in yi hankali, yanzu wuya ake dubawa a shinge, har an tafi da mutum uku. Labarina ne, Zaratu! Ni mutum ɗaya na sa a ciki, ban san wanda ya ƙara biyu ba. Daga Ajilari ya tako har Umarari ba tare da ya biya kuɗin keke ba.

Ki amsa, ko in gaya wa Goggo kin yi saurayi a Kano.

Walid

*

Kano
Ƙarshen Sha’aban

Walid,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ka gaishe da Kawu da mutanen gidanku. Iyakar gaisuwar da za ka samu ke nan.

An tura mu aikin koyo a wani asibitin ƙauye, jiya na dawo na tarar da takardunka biyu a haɗe. Na karanta ta farko raina ya ɓaci. Na karanta ta biyu na ɗauko biro.

Kai wane irin mutum ne? A garin da uwa ba ta iya haɗiye loma sai ta ƙirga ’ya’yanta sun cika, a nan ka ga wurin wasa da maganar bindiga? Taubasantaka ce ta ba ka izinin tsorata gwauruwar da ɗa namiji ɗaya ya rage mata? Ba ka rantse ba! Sannu, malam. Allah Ya ƙara ilimi.

Yanzu ka buɗe kunnenka, don abin da kake wa guɗa ba abin dariya ba ne.

Baƙin da ka gani a wuyan Yaya ba dauɗa ba ce. Ko da dutsen guga aka dirje shi ba zai fita ba, domin daga ciki yake fitowa. Akwai wani sinadari a jiki, insulin sunansa, aikinsa shi ne ya kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. Idan ƙiba ta yi yawa, mutum kuma ba ya motsi, sai jiki ya daina jin maganar sinadarin nan. Shi kuma jiki sai ya riƙa ƙara zubo shi, yana ƙarawa, yana ƙarawa. Yawansa ne yake sa fatar wuya da hammata da matsematsi ta yi kauri ta yi duhu, har da ’yan tsiron da ka kira kaska. Ba kowane mai irin wannan wuya ne yake da ciwon suga ba. Amma gargaɗi ne, sau da yawa tun kafin ciwon ya kama mutum. Wanda aka gano da wuri, ya rage zaƙi, ya rage tumbi, ya riƙa tafiya da ƙafa, yana iya kaucewa.

Ka tuna Abbanmu? Ka tuna yadda aka fara da ɗan yatsan ƙafa, aka koma idon sawu, aka ƙare da likkafani? Kai ma ka ɗauki makarar. Abin nan yana bin jini. Ga ɗansa nan da alama a wuya, ku kuma kun kulle shi a ɗaki kuna ɗura masa nakiya. Duk abin da ya kamata a hana shi, shi ake ba shi. Abin da ya kamata ya yi, shi aka hana shi. Kai ka jawo.

Ga abin da za ka yi, ba roƙonka nake ba. Ka je ka zauna a gaban Umma ka ce ƙarya ka yi. Ka karanta mata wannan takarda. A sallami Ya Kaltum. A kai Yaya asibitin da ke ƙetaren titi da safe, kafin ya sa komai a bakinsa, a gwada masa jini. Ɗan digo ne a yatsa.

Idan wani abu ya sami yayana, Walid, babu ni babu kai, ko a lahira ka ganni ka canja hanya.

Zaratu

*

Umarari
Cikin azumi

Zaratu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ba zan ce miki kowa lafiya ba, don kin hana ni ƙarya.

Takardarki ta daɗe a hanya, an rufe titin Damaturu, Manasse ya kwana a Potiskum har ya fara jin yaren garin. Da ta iso na karanta zagina tsaf, ban tsallake ko wasali ba. Na gode. Kina zaune ƙarƙashin fanka a Kano kina ba da umarni kamar mai unguwa. To ki ji yadda umarninki ya ƙare.

Na je gaban Goggo na durƙusa, na ce ni na ƙagi maganar shinge. Ta dube ni ta ce, “Zaratu ce ta aiko ka ka faɗi haka don in sake shi.” Na ce a ɗauko Alƙur’ani. Na yi alwala na dafa, ni da ban taɓa dafa shi a kan maganar duniya ba. Ta ce, “To na ji, kai ka haife ta. Amma matar mai unguwa ta faɗa mini, mai kayan miya ya faɗa mini, liman ma ya ja kunnen samari. Duk kai ka haife su?”

Sai na karanta mata takardarki. Ina zuwa wurin da kika ambaci Abba da likkafani, sai ta miƙe tsaye. Ta ce ashe abin da ake koya miki ke nan, ki zauna a garin mutane kina yi wa ɗan’uwanki mugun baki, kina auna masa kabari da ransa. Ta ce kada a ƙara kiran sunan ciwon nan a gidanta. Ta karɓe takardar ta sa a murhu. Ke da kika san uwarki, me ya kai ki rubuta likkafani a wasiƙar da kika ce a karanta mata? Ni ne kawai marar hankali a dangin nan?

Ban tsaya nan ba. Na je wurin Babakura, shugaban yaran da ke tsaron shingen Ajilari. Allo ɗaya muka wanke da shi, na sha cinye masa ɗumame. Na ce masa maganar wuyan nan wasa ne, ni na fara ta. Bai yi dariya ba. Ya ce su ma a gari suka ji, suka ga ba su da asara in sun duba, yanzu kowa sai ya buɗe wuyan riga. Sannan ya kafe ni da ido ya ce, “Kai me ya dame ka da wuyan mutane? Wuyan wa kake ɓoyewa?” Na ce babu, na ja ƙafata. Ban waiwaya ba sai da na shiga lungunmu.

Ga mafi muni. Da dilka ta kasa, Goggo ta koma toka da lemon tsami da soson buhu, daga baya wata ta kawo mata man bilicin. Yanzu wuyan Suleiman ya saɓule. Wani jan miki ne ya zagayo daga ƙeya zuwa kafaɗa, yana ruwa, gefensa baƙi. Zaratu, ni da na ƙagi maganar, in na kalle shi sai in ga kamar shatin igiya. Da can ƙarya ce. Yanzu in na bi da shi ta gaban Babakura, ban san ko zan dawo da shi ba. Asibitin kuma babu hanyarsa sai ta shingen.

Shi kuwa ya daina magana da kowa. A sha ruwa a jera masa kunu da ardeb, ruwan tsamiyan nan mai sukari, da ƙosai, ya ci, ya kife. Goggo ma ba daidai take ba. Tana shan ruwa kamar raƙumi daga magariba, buta ba ta hutawa a hannunta, ta rame, zare ma ni nake sa mata a allura. Ta ce azumi ne da tunani.

Ki daina zagi ki faɗi abin yi. Na ji zagin, ya isa.

Walid

*

Kano
Goman ƙarshe

Walid,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na je tasha sau biyu, direbobi sun ce ba mai ɗaukar fasinja zuwa Maiduguri sai bayan salla, takarda kawai Manasse ya karɓa. Da na zo da kaina na shaƙe ka.

Zagi bai isa ba, amma na ajiye sauran.

A daina sa komai a mikin nan. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri kawai, a rufe da tsumma mai tsabta. Ka ɗauke man bilicin ɗin ka jefa a masai, ko za ta tsine maka.

Abin da ka rubuta a ƙarshe, kamar ba komai ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙishirwa, yawan fitsari, rama, ido yana hazo. Wannan ba azumi ba ne. Na so in bar maganar Umma sai na zo, don na san halinta, amma babu lokaci. Ni nake mata kitso. Abin da ke wuyan Yaya yana wuyanta, ƙarƙashin lafaya, ya ma riga nasa.

Ka karanta mata wannan, kalma da kalma, ka tsaya kusa da ƙofa:

Umma, ina gaishe ki, ina neman gafararki a kan maganar da ta ɓata miki rai. Ban yi wa Yaya baki ba. Ki ɗauki madubi biyu ki dubi bayan wuyanki. In kin ga irin nasa, ki gaya mini wace bindiga kika taɓa ratayawa. Ba daji ne ya sa masa ba, gidanmu ne. Kin ɓoye shi don kada a ɗauke miki shi, alhali abin da zai ɗauke shi yana tare da shi a ɗakin, kuma ke kike kai masa a faranti. Ni ba zan iya binne ku biyu ba.

Na san na sake faɗin binnewa. Ka karanta haka nan.

Zaratu

*

Umarari
Bayan ƙaramar salla

Zaratu,

Sallama. Barka da salla. Kowa yana numfashi. Ni dai a kwance nake rubuta wannan, cinyoyina ba nawa ba ne, kuma ke da uwarki za ku amsa a gaban Allah.

Na karanta mata, na tsaya kusa da ƙofa kamar yadda kika ce. Takalmin farko ya wuce, na biyu ya same ni a kunne. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Can sai ta aika a kira Ya Kaltum. Ina tsakar gida na ji tsohuwar tana cewa, “Hajiya, ai na daɗe ina murza shi duk salla, ba ya fita. Na ɗauka kin sani.” Har aka yi salla Goggo ba ta ce mini ci kanka ba.

Shekaranjiya da sassafe ta aiko a kira ni. Na tarar ta sha lafayarta ta zuwa biki, Suleiman yana tsaye da riga, idonsa yana ƙyafƙyaf don ya manta hasken rana. Ta ce, “Babu wanda zai karya. Wuce gaba, uban ’yan labari.”

Muka isa shinge, layi ya yi tsawo, maza gefe mata gefe. Ina ta karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbata da shi ba. Aka zo kan Suleiman. Wani yaro da ko gemu bai fara ba ya ce, “Buɗe wuya.” Ya buɗe. Yaron ya ɗaga tsumman, ya ja da baya ya yi ihu, “Oga! Ga ɗaya!” Kafin in haɗiye yawu sun kewaye shi, gora a sama. Ɗaya ya riƙe masa wando ta baya. Babakura ya taho a hankali, ya dubi mikin, ya dube ni. Ya ce, “Ashe wannan ne.”

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ni, Walid.

Sai ga Goggo ta keto layin mata. Zaratu, matar da ko ni ban taɓa ganin gashinta ba. Ta tsaya a tsakiyar titi ta warware lafaya daga kanta, ta zame ɗankwali, ta juya musu ƙeya. Ta ce, “Kai Babakura, ba kai ne ɗan mai ƙosan bakin masallaci ba? Ranar sunanka ni na dama kunu. Matso ka duba. Matso mana! Ga nawa, ya fi nasa baƙi. A wane daji na yi yaƙi? In za ku tafi da shi ku haɗa da ni, ni ce babbar kwamanda.”

Babakura ya kau da kai yana cewa, “Ya Hajiya, rufe, don girman Allah rufe.” Ta ce ba za ta rufe ba sai ya duba. Ta ce mikin kuma ita ta yi masa da toka da soso, don tsoronsu. Ta ce ciwon suga ne ya kashe ubansa, asibiti za su, in ya faɗi a nan su za su ɗauka. Ita da ta hana a kira sunan ciwon a gidanta, ta faɗe shi a titi kowa yana ji. Wata mai tallan gyaɗa a layi ta shafa nata wuyan ta ce, “La ilaha, ni ma ina da shi.” Wani dattijo ya ce matarsa ma. Layin ya rikice, kowa yana leƙa ƙeyar na gabansa.

Babakura ya ce a sake shi. Na ce alhamdu lillahi, na ɗaga ƙafa zan bi su. Sai Goggo ta nuna ni da yatsa, tana ɗaura ɗankwali, ta ce, “Ga wanda ya ƙago muku maganar. Ya dafa Alƙur’ani a gabana. Ku riƙe mini shi in dawo.”

Tsallen kwaɗo, Zaratu. Hannu a kunne, daga shinge zuwa gindin dalbejiya, in dawo, ina faɗin “wuya ba bindiga ba ne” da ƙarfi. Yaran da na girme su suna ƙirga mini. ’Yan matan Ajilari duk sun gani. Sai da rana ta take suka dawo a keke, suka wuce ni kamar ba su san ni ba.

Abin da ya fi tsallen ciwo, har yanzu babu wanda ya gaya mini abin da likita ya ce. Na aika, an ce in ji da cinyata. Ni na sha takalmi, ni na sha rana. In sun rubuto miki, ki taimaka ki sanar da ni. Ban sa wasa a wannan ba.

Walid

*

Ajilari
Watan Shawwal

Ƙanwata Zaratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya. Ni ne Suleiman. Na ga kamar an manta ina da hannu.

Tun Rajab kuke aika wa juna takardu a kan wuyana. Wancan ya mai da ni abin dariya, Umma ta mai da ni amarya, ke kin mai da ni gawa. Babu wanda ya tambaye ni ko me nake ji. Ke ma da kika fi su sani, sai kika rubuta wa mahaukacin gidan Kawu, ba ki rubuto mini ba. Wannan ya ɓata mini rai fiye da tokar.

Ga abin da likita ya ce, wani mutumin Biu, Pindar sunansa. Sugana ya haura inda ya kamata, amma bai kai ciwon ba tukuna. Ya ce ina bakin ƙofa, shiga ko komawa yana hannuna. Ya yi faɗa sosai a kan mikin, ya ba ni magani, ya fara bushewa. Ya ce baƙin zai iya raguwa in tumbin ya ragu, kada a ƙara taɓa shi da komai.

Umma ce. Nata ya kama, ya ce ya daɗe a jikinta. Ya sa ta a kan ƙwayoyi, ya ce a dawo a duba idonta da ƙafafunta. A cikin keke ta riƙe hannuna har gida. Yanzu ni nake tsaya mata a kan magani, in ta ɓoye a ƙarƙashin filo in zaro.

Ki rubuto mini, da sunana a bayan takardar, abin da za mu riƙa ci ni da ita, irin wanda ake samu a nan, ba na littafi ba. Ki rubuto wa Umma daban, ban da maganar mutuwa.

Walid kuma zan gaya masa, amma sai ya iya tsayuwa.

Gobe in Allah Ya kai mu zan taka zuwa kasuwar shanu da ƙafata, ko babu saniya ko ɗaya a ciki. Ta shingen zan bi. Umma ta ce ba zan je ba, tun ɗazu take faɗa a tsakar gida. Zan je.

Yayanki,
Suleiman